Takardar Muhajir

"Dubi sabon bugun," Ishaku ya ce wa Layla a tsakar gidan su Layla a Omdurman, yana buɗe littafin wasan jarumai da suke yi da takarda da fensir. "A tsohon, asalin jarumi ne ke yanke masa abin da zai iya. A wannan, kowa zaɓar gwanintarsa yake."

"To jarumin yaya Muhajir zai zama mai magani ke nan? Shekara biyu yana roƙonka kana hanawa."

"Wallahi dokar wasan ce, ya Layla."

Ya goge gwanintar da ke kan takardar jarumin abokinsa Muhajir, ya rubuta "mai magani".

Layla ta karɓa, ta shiga ɗaki, ta ɗora ta kan takalman yayanta. Su kaɗai aka dawo musu da su daga yaƙin Kudancin Sudan.