Faifan da Aka Hana Barci

Maganarka ta tuna mini da wani mai ɗaukar hoto a wani gari da na taɓa yada zango, ko wajen Gumel ne ko Haɗeja, abin ya kuɓuce mini. Hotunan garin kaf, na suna da na saukar karatu, har na dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, suna cikin wani faifan ajiya da yake jonawa da kwamfutarsa. Ɗan akwati ne, bai fi tafin hannu ba, cikinsa na juyawa kamar dutsen niƙa. Mutumin ya saba ɗora hannu a kansa. In ya ji ɗumi da ɗan gurnani, sai hankalinsa ya kwanta. Wata rana maƙwabcinsa mai gyaran kwamfuta ya lura batirin solarsa ba ya kai la'asar, ya ce, "Maƙwabci, faifan nan juyin banza yake yi. Kawo in saita maka shi, ya riƙa barci in ba a aiki da shi." Ya saita, ya koma shagonsa.

Da azahar mai hoto ya ɗora hannu, ya ji sanyi, ya ji tsit. Ya nemi hoto, sai da faifan ya yi jim kafin ya kawo. Nan zuciya ta fara saƙa masa. Ina ruwan mutumin nan da batirina? Ba an ce ƙaninsa na shirin buɗe shagon hoto ba? Ko in faifan ya yi shiru, lokacin ne ake zuƙe mini kaya? Batiri kuwa ya fara kai magariba, amma shi gani yake tsaba ce aka watsa masa a bakin tarko. Ya rage amsa gaisuwa. Ran kasuwa ya kai kwamfutar wurin wani baƙo aka warware saitin, faifan ya koma juyi ba hutu, mai hoto ya taɓa ya yi hamdala. Sai bazara ta kama, ga rufin kwano. Rannan wata mata ta zo neman hoton mahaifinta marigayi, hoton da ba a da shi ko'ina sai nan. Ana cikin nema batiri ya ɗauke, faifan da ya yi zafi zau ya yi ƙas-ƙas, ya tsaya. Aka jona wuta, bai motsa ba. Mai hoto ya bar hannunsa a kai har faifan ya huce, ya gane wannan karon ba barci ba ne. Ga maƙwabcin can zaune a ƙofar shagonsa, shi kuwa ya kasa ɗaga ido ya dube shi.

Da ma Hausawa sun faɗa: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.