Jar Motar da ke Bin Nazeefa

Jar motar nan ta sake bayyana a madubi tun kafin Nazeefa ta bar Kubwa.

Ta ja tsaki, ta ƙara damƙe sitiyari. "Ga shi nan, ba a je ko'ina ba kin fara gumi," ta ce wa kanta. "Ba ki iya ba, Nazeefa, karambani ne kawai." Haka take yi kowace safiya har ta isa kamfanin da take aiki a Idu, kuma duk rashin kunyar direbobin tasi na Abuja babu wanda ya taɓa zaginta rabin yadda take zagin kanta.

Asalin abin magana ɗaya ce. Ranar da ta karɓi lasisi, mijinta Lukmanu ya ce, "Anya za ki iya da titin Kubwa kuwa?" Shi ya faɗa ya manta, ita kuwa ta ƙulle a zuci. Ta kuma san in tuƙin ya gagara, aikin ma ya tafi, don ba ta da mai kai ta.

Ana cikin haka jar motar ta fara binta. In ta taka burki, a taka. In ta kunna sigina, a kunna. Ga hanya fetal amma ba a wuce ta, ko hon ba a taɓa yi mata ba. Direban kuwa ba ta taɓa gani sosai ba, ina ta ga zuciyar ɗauke ido daga titi?

Nan da nan ta yanke hukunci: Lukmanu ne ya sa a bi ta, a riƙa kai masa rahoton shirmenta. Da ta tare shi da maganar ya rantse ba shi ba ne, ya yi dariya, dariyar kuma ta ƙara tabbatar mata. Tun daga nan gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma a daƙile.

Yau dai abin ya ishe ta. A shataletalen Life Camp wata tirela ta matse ta, ta zame ta fice lafiya ƙalau, amma ta ce wa kanta sa'a ce, gobe sai an kwashe ta. Za ta mayar wa Lukmanu makullin motarsa, ta haƙura da aikin, amma wallahi sai ta ga fuskar ɗan rahoton nan tukuna.

Ta gangara gefen titi ta tsaya. Jar motar ma ta gangaro, ta hau dakali da taya ɗaya, injin ya mutu.

Nazeefa ta fito ta ƙwanƙwasa gilashi da ƙarfi. Wata mata ce a ciki, ta jiƙe sharkaf da gumi, katin aikinta a wuya ɗauke da suna Vivian.

"Je ki gaya wa wanda ya aiko ki ya yi nasara!" Nazeefa ta daka mata tsawa. "Daga yau na daina tuƙi!"

Matar ta zaro ido, ta kamo hannunta, ta amsa da Hausar 'yan koyo.

"Madam, don Allah kar ka daina! Ni sabon koyo ne, tsoro yana kashe ni for this road. Duk na duba, ba wanda ya iya mota kamar kai, shi ya sa kullum nake jira ka wuce in bi bayanka."