Sumbar Janar Darnal

Tun da safe aka wanke daɓen asibitin da ruwan sabulu, aka sauya zannuwan gado, aka kwashe bokitan ƙazanta aka ɓoye a bayan ɗakin girki. Janar Octave Darnal zai zo maƙala lambobin yabo, kuma kowa a garinmu ya san hancinsa ba ya jure wari.

Janar ke nan, wai! Ya tsufa cikin kaki, ban taɓa jin wanda ya ga taɓo a takalminsa ba. Igiyar muƙaminsa ta farko a bayan tebur ya same ta, ta biyu kuwa a coci, ranar da ya auri 'yar wani sanata. Da babban yaƙi ya zo, sai ya tare a wani gidan gona can nesa da filin daga, tarho a dama, gasasshiyar agwagwa a hagu, kunnuwan nan nasa masu kama da hannun tukunya a baje suna jiran labari. Daga nan ya riƙa tura 'ya'yan mutane su hau wani tudu da ko akuya ba za ta yi sha'awarsa ba. Su hau, a kakkaɓe su, ya ce a sake.

Har an fara raɗe-raɗin za a sallame shi, sai sa'a ta faɗo masa: ɗansa tilo, Laftana Anselme, ya ɓace a kan tudun. Ba a ga gawa ba, amma an yi jana'iza ta gani ta faɗa, da akwati babu kowa ciki. Janar ya ɗaura baƙin ƙyalle a damtse, ya ce, "Na ba Faransa ɗana." To wa zai kori uban da ke makoki? Aka ƙara masa tauraro. Yaƙi ya ƙare, ƙyallen bai sauka ba, yanzu ma da shi yake neman kujerar majalisa.

Ɗakin da zai ziyarta na masu fasassun fuskoki ne. A gadon ƙarshe, jikin taga, akwai wani da ba a san sunansa ba. Cikin laka aka tsinto shi, kaki ya ƙone, babu haɓa, babu harshe, hannuwa duka biyu sun tsaya a wuyan hannu. Idanu da kunnuwa ne kawai suka tsira. Saboda kunnuwan ne abokan jinyarsa ke ce masa Tukunya.

Umarni ya zo daga sama cewa in mako ya fita ba wanda ya zo ya ce nasa ne, gidan mahaukata za a kai shi. Hujjarsu kuwa, duk sanda aka karanta sunan Janar a jarida, sai ya hau buga kai da ƙarfen gado.

"Wannan ne haukan?" in ji Kofur Firmin, maƙwabcin gadonsa. "Haba Sista, ai duk ɗakin nan shi kaɗai ke da hankali. Da kaina na da sauran wurin bugawa, da tare za mu yi."

Sista Blandine, mai jinyar da ke ba Tukunya romo ta bututu tun ranar da aka kawo shi, ba ta yi dariya ba. Ta san gidan da ake nufi, ta san ba a fitowa. Ita ta yi ta roƙo har aka sa shi cikin masu karɓar lamba, don ta lissafa cewa uban da ya rasa ɗa ba zai rasa tausayi ba, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Baiwar Allah, ba ta san Janar ba. Bara ma ya zo, ko rabin ɗakin bai wuce ba ya tsaya cak, ya duba agogo, ya juya.

Yau kuwa Janar ya iso da rakiyar magajin gari, matan manya da mai ɗaukar hoto. Ya riƙa maƙala lamba, ya sunkuya don sumbar kunci biyu kamar yadda aka saba, amma iska yake sumbata, yana riƙe numfashi.

"Yallaɓai, a yi haƙuri," in ji Firmin, "kunci ɗaya ya rage, ɗayan yana can kan tudunku. A sumbaci wannan sau biyu."

Janar ya yi kamar bai ji ba, ya wuce gadon ƙarshe.

Tukunya ya yunƙura ya zauna, wani gurnani na fita daga maƙogwaronsa. Sista ta tallabe bayansa.

"Ranka ya daɗe, kai uba ne," ta ce. "Wannan ma ɗan wani ne. Kada a bari a kai shi can."

"Na san batunsa, Sista," in ji Janar.

Ya maƙala lambar. Sannan ya yi abin da bai yi wa kowa ba: ya dafa kafaɗun majinyacin, ya ɗora leɓɓansa a kan bandejin kuncin dama, ya koma na hagu, ya daɗe a wurin. Matan manya suka ciro hankici. Mai hoto ya ɗauka, washegari jaridu suka buga, ƙuri'u kuwa sai abin da Janar ya manta.

Mako ya fita, motar gidan mahaukata ta zo. Sista Blandine ce ta naɗe bargonsa da hannunta, ba ta sake roƙon kowa ba, domin kanta na daf da nasu lokacin sumbar nan ta hagu, kuma ta ji abin da Janar ya raɗa:

"Tun bara na gane ka, Anselme. Ka ci gaba da mutuwarka, ɗana, ranar Lahadi zan buɗe gunkinka a dandali."