Shugaban Tasha da Mukullin Ƙanensa

Tunda kana ganin tsananta wa direba mai latsa waya zalunci ne, zauna ka ji wannan misali.

An yi wani shugaban direbobi a wata tashar mota, dattijo mai sanyin hali, wanda ya gaji wata doka: duk direban da fasinja suka kawo ƙararsa yana latsa waya a kan tuƙi, sai ya biya tara. Tarar kuwa ba ta fi kuɗin shayi da burodi ba, don haka direbobi suka mai da ita abin raha, wani ma yana miƙa ta da hannu ɗaya, wayar na manne a kunnensa. Ran nan ƙanen shugaban, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗauko bas cike da mutane, ya sunkuya yana karanta saƙo daidai kwanar kasuwa. Kafin ya ɗago ya kwashe wata mai tallan nono a gefen titi. Ƙwarya ta tarwatse, ƙafa ta karye gida biyu. Shugaban ya je asibiti ya tarar da ita kwance, an ɗaure ƙafar, jaririyarta na tsala kuka a hannun wata baƙuwa. Ya yi mata sannu. Da ya dawo tasha, sai ga ƙanen yana jiransa da tara a hannu.

Bai karɓa ba. Ya kira direbobi ƙarƙashin rumfa ya ce, "Daga yau wanda ya taɓa waya a kan tuƙi, wata uku ba shi ba layin ɗaukar fasinja. Kai, miƙo mukulli, da kai za a fara, kuma jinyar matar nan a wuyanka take." Tasha ta ɗauki gunaguni. Manya suka zo ban baki, mahaifiyarsu ta aiko har sau biyu. Ya je ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ki yafe mini, ba zan janye ba." Abin na ci masa rai, amma ya jefa mukullin a aljihu ya ƙi waiwaye. Wata uku cur ƙanen yana lodin buhunan albasa cikin rana, motarsa a rufe da tamfol, kowa na wucewa yana kallo. Tun kafin wa'adin ya cika, direba in zai tayar da mota sai ka ga ya kashe waya ya cusa a aljihu ba tare da an ce masa uffan ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.