Abin da Kaka Take Nema

Ina da shekara tara aka kawo Kaka, mahaifiyar Baba, daga Yangoji zuwa gidanmu a Dutse Alhaji, bayan ɓarin jikinta ya shanye. Ciwon ya tafi da Hausarta gaba ɗaya, ya bar mata guntayen kalmomin Gbagyi, yaren da ni ban iya ba.

Wata rana da la'asar Baba ya dawo daga asibiti, ya zauna a bakin tabarmarta, ya ce wa Mama, "Likita ya ce akwai masu sake koya wa mutum magana. Mace ɗaya na samu, Turanci kawai take ji, kuma layinta sai bayan wata biyar."

Kaka ta kama ni da hannunta mai lafiya, tana ƙamshin man kaɗanya. Ta furta wata kalma, ta sake, ta sake. Na kawo ruwa, ta kau da kai. Na kawo zaninta, ta ture.

"Baba, me take cewa?"

Ya kai kunnensa bakinta, ya daɗe yana saurara. "'Yata, wannan ba Gbagyi ba ne. Ban sani ba."

Ta sake ni a hankali, hawaye na gangarowa ta gefen fuskar da ba ya motsi.

Yau aikin da nake yi ke nan, sake koya wa mutane magana, kuma kullum sai na mayar da wasu gida saboda yawan masu jira. Yanzu na san yadda zan zauna da irinta, in yi ta nuna hotuna har mu gane. Kaka ba ta kai ƙarshen daminar waccan shekarar ba. Na faɗa wa tsofaffin Yangoji kalmar, ba wanda ya san ta.