Jar Lemar Gidan Malam Sadique

Ran Juma'a bayan la'asar Malam Sadique ya sake leƙo kai ta taga yana duban gajimare, rediyo manne da kunne. Hajiya Inno, maƙwabciyarsu a unguwar Small Heath, can ƙasar Turawa, ta ja tsaki ta saki labule.

Direban bas ne, ɗan Kumasi, ya haura hamsin, ga tumbi. Amma tun bazarar 2005, duk Asabar ɗin da iska ta yi kyau sai ya ɗaure wani allo a saman mota, ya cusa ƙatuwar jar lema a but ɗin motar, ya nufi gaɓar tekun Wales. Wai a taka allon, lemar ta ja mutum bisa ruwa mil goma, sannan ya juyo. Dattijo da furfura, yana wasan 'ya'yan Turawa!

Abin da ya fi ƙona wa Inno rai shi ne matarsa, Sherifatu. Kullum sai an tafi da ita. Ran Lahadi takan zo karatun mata fuska a ƙone, tafin hannu duk kanta, kafaɗa ba ta ɗaguwa. Dakon kayan shirmensa ne, me ake tambaya? In an yi mata magana sai ta sunkuyar da kai.

Inno ta kai ƙara wajen yayan Sherifatu a Manchester. Ya ce a kawo shaida, shi kuwa zai zo ya ɗauke ƙanwarsa. Don haka wannan Asabar ta bi bayansu da motarta, kyamara a jaka.

Ta yi ɓatan hanya sau biyu. Kafin ta isa, jar lemar ta yi nisa, ta koma kamar ɗigon jini a sama.

Sai gari ya haɗe. Iska ta juya, sauran masu lema suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya suna naɗe igiyoyi. Jar ta sha kwanar wani dutse ta ɓace. Minti ashirin, minti arba'in. Wani Bature ya fara neman lambar masu ceto. Inno ta taɓe baki. In ya nutse, wa ya aike shi?

Can sai ga ta ta ɓullo, tana keta igiyar ruwa a karkace. Turawa suka ɗauki tafi. Inno ta ɗauki hoto uku, ta nufi motar su Malam Sadique, wadda tururi ya rufe gilasanta. Ta ƙwanƙwasa da ƙarfi.

"Fito, baiwar Allah, mu tafi gida. Bar shi ya ƙarata da haukansa."

Gilashin ya sauka a hankali. Malam Sadique ne, cikin rigar sanyi biyu, carbi a hannu, ido jajur.

"Hajiya, don Allah duba mini, Sherifatu ta fito? Ni ko kallon ruwan nan ba na iyawa."