Ɗakin Ajiya

"Mama, duk wannan kayan naki ne?" in ji jami'in tantancewa, biro a hannu.

Tsohuwar ta dubi ɗakinta kamar baƙuwa. Firji biyu, talabijin uku, keken ɗinki, katifu har rufi. Jiya tabarma ce kawai da tukunya. Da aka ji za a zo rubuta gidajen da suka cancanci tallafin abinci, maƙwabta suka kwaso duk abin da zai tona musu asiri suka jibge mata. "Ɗakinki na can ƙurya, wa zai leƙa?"

Ga shi an leƙa.

"Ke nake jira, Mama. In ajiya ce, faɗi masu ita, in soke sunayensu in bar naki."

Maƙwabtan sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Ga tela, mai ɗinka wa jikokinta kayan makaranta kyauta. Ga matar direba, mai aiko musu kwanon abinci kullum yamma. Tallafin na wata uku ne. Kwanon kuwa shekara huɗu bai taɓa fashi ba.

"Kayana ne, ɗan nan," ta ce. "Mun gode Allah."

Ya ja layi a kan sunanta.

Kafin la'asar an kwashe komai, ba wanda ya iya haɗa ido da ita. Da yamma ta tarar da kwanuka shida jere a ƙofarta. Ta kira jikokinta su ci, tana tunanin kwana nawa kunya take yi kafin ta huce.